Thomas Midgley, Mutumin da Ya Sa Dalma Cikin Fetur

An haifi Thomas Midgley a Amurka cikin shekarar 1889. Injiniya ne, yana kuwa aiki da kamfanin General Motors sa'ad da ya gano, a 1921, cewa in an zuba wani sinadarin dalma cikin fetur injin mota yakan daina ƙwanƙwasa. Kamfanoni suka hango riba, suka fara sayar da shi a 1923 da sunan Ethyl, ba su ko ambaci dalma ba.

Ba wai an jahilci gubar ba ne, don shi kansa Midgley sai da ya tafi jinyarta a wannan shekara. A 1924 ma'aikata biyar suka mutu a wata masana'anta da ke New Jersey, amma duk da haka ya tsaya gaban 'yan jarida ya zuba sinadarin a hannunsa, wai don ya nuna ba shi da lahani. Hayaƙin fetur ɗin nan ya yi ta lahanta ƙwaƙwalwar yara, ba a kuwa rabu da shi a motoci ba sai 2021, da Aljeriya ta daina sayarwa.

Shan inna ya kama shi a 1940. Igiyoyin da ya harhaɗa don ɗaga kansa daga gado su ne suka shaƙe shi a 1944.