Saburo Sakai, Matuƙin Jirgin Yaƙin Da Rauni Ya Cece Shi

Yawancinmu mun san Japanawa ne ta wajen labarin yaƙin Bama, inda kakanninmu sojan Afirka ta Yamma suka gwabza da su cikin kurmi. To, wancan yaƙin ƙasa ne. Akwai wani kuma da aka yi a sararin sama, can bisa tekun Fasifik, wanda ba mu cika jin labarinsa ba. Ga tarihin ɗaya daga cikin waɗanda suka yi shi, da na rundunar da ya yi suna a cikinta.

An haifi Saburo Sakai ran 25 ga Agusta 1916 a lardin Saga na kudancin Japan. Gidansu jinin mayaƙan da ake kira samurai ne, amma asalin kawai ya rage, noma suke yi cikin talauci. Yana ɗan shekara 11 ubansa ya rasu, ya bar uwar da 'ya'ya bakwai. Wani kawunsa ya ɗauke shi zuwa Tokiyo ya sa shi makaranta, karatu ya ƙi, aka komo da shi ƙauye. Duk wanda ya taɓa barin gida neman abin kansa ya san nauyin komowa hannu rabbana. A 1933, yana da shekara 16, sai ya shiga sojan ruwa.

Ya fara aiki a manyan jiragen ruwa na yaƙi, Kirishima da Haruna, inda duka da kulki shi ne tarbiyyar kurtu. A 1937 aka karɓe shi makarantar koyon tuƙin jirgin sama. Yaron da boko ya gagara shi ne ya zo na ɗaya, har aka ba shi agogon azurfa, kyautar Sarkin Japan. A makarantar nan ana korar ɗalibi a kan ɗan kuskure kaɗan, don haka waɗanda ke fitowa gwanaye ne ƙwarai, amma 'yan ƙalilan. Mai karatu ya riƙe wannan, don za mu komo kansa.

Bayan ya yi yaƙi a ƙasar Sin, sai aka sa shi cikin wata sabuwar rundunar jiragen sama ta sojan ruwa da aka kafa a watan Oktoba 1941 a garin Tainan na tsibirin Taiwan, wanda Japan ke mulka a lokacin. Sunan garin ta ci. Jirginsu shi ne Zero na kamfanin Mitsubishi, marar nauyi, mai saurin juyi, mai dogon zango a kan mai kaɗan. Amma fa don ya yi sauƙi ba a sa masa sulken kare matuƙi ba, tankinsa kuwa da harsashi ya taɓa sai wuta. Matuƙa da yawa ma sukan cire rediyo, wasu su bar laimar sauka a ƙasa.

Ran 8 ga Disamba 1941, sa'o'i kaɗan bayan harin Pearl Harbor, rundunar Tainan ta ƙetare teku ta faɗa wa filin jiragen Amurka na Clark a Filifin. Hazo ya makarar da tashinsu, makarar kuwa ta zame musu sa'a, don sun tarar da jiragen Amurka jere a ƙasa. Daga nan sai Boniyo, sai Jawa, ba mai tare musu gaba. A watan Afrilu 1942 aka kai su Rabaul da Lae, wajen Niyu Gini, suna ta kai hari Port Moresby. A nan Sakai ya yi aiki da Hiroyoshi Nishizawa da Toshio Ota, ƙarƙashin wani saurayin hafsa Junichi Sasai, wanda Sakai ne ya goge shi a dabarun faɗa, suka shaƙu duk da tazarar da ke tsakanin hafsa da na ƙasa a sojan Japan.

Ranar da ta juya rayuwarsa ita ce 7 ga Agusta 1942, ranar da Amurkawa suka sauka tsibirin Gwadalkanal. Aka tashe su daga Rabaul, tafiyar da ta zarce kilomita 1,000, wato kamar daga Ikko zuwa Kano, duk bisa ruwa. Sakai ya harbo jirgin wani Ba'amurke, James Southerland, wanda ya tsira da ransa. Daga baya ya hango ayarin jirage, ya ɗauka na faɗa ne masu mutum ɗaya, ya biyo su ta baya. Ashe masu jefa bam ne, kowanne da maharbi zaune yana fuskantar baya. Harsashi ya fasa gilashin jirginsa ya same shi a ka. Idon dama ya rufe, ɓarin jikinsa na hagu ya mutu, jini ya cika masa fuska. A haka ya tuƙa jirgin nan awa 4 da minti 47, barci na fizgarsa, har ya sauka Rabaul da ɗan guntun mai. Kafin ya yarda a kai shi wurin likita sai da ya ba da rahoto. A Japan aka yi masa aiki ba tare da allurar kashe zafi ba, idon dama dai bai komo daidai ba.

Yana kwance asibiti, Gwadalkanal tana cinye abokansa. Sasai ya mutu ran 26 ga Agusta, aka daɗe ana ɓoye wa Sakai. Ota ya bi shi a watan Oktoba. Ran 1 ga Nuwamba 1942 aka sauya wa rundunar suna zuwa ta 251, aka komar da sauran da suka rage gida. Shekara ɗaya da wata guda ke nan da kafa ta. A ganina babban laifin na manya ne. Amurka takan janye gwanayenta daga fagen fama su je su koyar da sababbi, Japan kuwa takan bar nata har sai sun mutu, alhali makarantarta ba ta fitar da isassun da za su maye gurbinsu. Nishizawa ma a 1944 aka harbo shi, yana fasinja cikin jirgin ɗaukar kaya. Da Sakai bai ji rauni ba, da wuya ya ga ƙarshen shekarar nan.

Sai da aka rasa matuƙa aka yarda mai ido ɗaya ya koma faɗa. A watan Yuni 1944, bisa tsibirin Iwo Jima, jiragen Amurka kamar 15 suka yi masa rubdugu, ya yi ta zilliya har ya sauka ba ko huji ɗaya a jirginsa. A shekarar ne ya sami hafsa, bayan shekara 11 cikin kaki.

Da aka gama yaƙi a 1945 ya sha wuya, daga baya ya buɗe ɗan wurin ɗab'i a Tokiyo. Ya riƙi addinin Buda, ya yi alkawarin ba zai ƙara kashe wani mai rai ba. Littafin tarihinsa mai suna Samurai ya fito da Turanci a 1957, a ciki ne aka ce ya harbo jirage 64, amma masu bin takardun ɓangarorin biyu suna ganin adadin bai kai haka ba. Bai ji nauyin ɗora wa shugabannin ƙasarsa alhakin yaƙin ba, har da Sarki. Ya sha zuwa Amurka, ya gana da ɗaya daga cikin maharban da suka buɗe masa wuta a Gwadalkanal, 'yarsa kuma Ba'amurke ta aura.

Ran 22 ga Satumba 2000 sojan ruwan Amurka suka gayyace shi cin abinci a sansaninsu na Atsugi, kusa da Tokiyo. A wurin ciwon zuciya ya kama shi, ya rasu a ranar yana da shekara 84.