Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya: Tarihin da ke Bayan Littafin Ganɗoki

Littafin Ganɗoki na Malam Bello Kagara, wanda aka buga a 1934 bayan gasar ƙagaggun labarai ta 1933, an gina kashinsa na farko ne a kan yaƙe-yaƙen da Turawan Ingila suka yi da Daular Sakkwato. Ɗalibi ba zai iya rarrabe tarihi da ƙirƙira a cikinsa ba sai ya san mutanen wancan zamani. Babba daga cikinsu shi ne Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru na ɗaya.

Attahiru ɗan Sarkin Musulmi Ahmadu ne, ɗan Abubakar Atiku, ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. An naɗa shi a watan Oktoba na 1902 bayan rasuwar Sarkin Musulmi Abdurrahman, ya zama na goma sha biyu idan aka fara lissafi daga Shehu. Ya tarar da daula ta riga ta fara zubewa, domin Kwantagora da Bida da Yola sun faɗa hannun Turawa a 1901, Bauci da Zariya kuma a 1902. Ranar 3 ga Fabrairu, 1903, Kano ta bi sahu.

A Sakkwato ra'ayin manya ya rabu uku. Wasu suka ga a yi yaƙi, wasu a yi sulhu, wasu kuma a yi hijira, koyi da Manzon Allah (SAW) da Shehu Mujaddadi. Ba a kai ga tsayar da shawara guda ba rundunar Kanar Molan ta iso. Ranar 15 ga Maris, 1903, aka gwabza a filin Giginya, bayan ganuwar birni. Dawaki da takubba da kibau ba su iya tsayawa gaban igwa da bindiga mai ruwa ba, don haka yaƙin bai daɗe ba. Waziri Buhari ya zaɓi zama don kada jama'a su rasa mai riƙe musu al'amuran addini, Gwamna Lugga kuma ya naɗa Attahiru na biyu, ɗan Aliyu Babba.

Shi kuwa Attahiru na ɗaya sai ya nufi gabas da niyyar isa Makka. Duk ƙasar da ya ratsa, manoma da malamai da sarakuna suka riƙa barin gidajensu suna bin sa. Cikinsu har da Etsu Nupe Abubakar da Sarkin Misau Ahmadu da Magajin Keffi Ɗan Yamusa. Wannan taro ya tsorata Turawa, domin sun lura cewa ƙasar da suka ci za ta iya zama kufai. Suka bi sawunsa har Burmi, kusa da kogin Gongola a ƙasar Gombe. A karon farko, ranar 13 ga Mayu, mutanen Burmi suka kore su. Ranar 27 ga Yuli, 1903, Turawa suka komo da ƙarin ƙarfi. Attahiru ya rasu a fagen fama tare da ɗaruruwan mabiyansa, haka nan Manjo Mash, shugaban rundunar Turawa, ya mutu a ranar. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa Sudan, inda suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu.

A nan ne tarihi da adabi suka rabu. A tarihi an ci daular da yaƙi, shugabanta ya kwanta dama, muhajirai suka watse. A littafi kuwa marubuci ya kuɓutar da jaruminsa, ya kai shi duniyar aljannu inda takobinsa ke samun nasarar da ta gagara a Giginya da Burmi. Daga ƙarshe ya komo da shi gida ya tarar da mulkin Turawa ya kafu. Saboda haka ya kamata ɗalibi ya karanta kashin farko yana auna shi da tarihi, kashi na biyu kuma ya ɗauke shi a matsayin hanyar da al'ummar da aka ci da yaƙi ta bi don riƙe mutuncinta.