Morgagni, Likitan Da Ya Fara Tuhumar Kitsen Ciki

An haifi Giovanni Morgagni a garin Forli na ƙasar Italiya cikin shekarar 1682. Yana ɗan shekara 16 ya tafi jami'ar Bolonya koyon aikin likita, a 1715 kuma aka naɗa shi shehun malami mai koyar da ƙirar jikin ɗan Adam a jami'ar Padua.

A wancan zamani galibin likitoci sun ɗauka cuta na tasowa ne daga rikicewar ruwayen jiki. Shi kuwa Morgagni bai gamsu ba. Idan majiyyaci ya mutu sai a buɗe gawarsa, ya duba gaɓar da ta lalace, ya gwama da irin ciwon da mutumin ya yi fama da shi yana raye. Bai yi gaggawa ba, don sai a 1761, yana da shekara 79, ya fitar da babban littafinsa mai bayanin gawarwaki wajen 700.

A cikinsu akwai na masu ƙiba. Ya tarar kitse bai tsaya ƙarƙashin fata ba, ya cika cikinsu ya kewaye hanji, har ya hau ƙirji, jijiyoyin jininsu kuma sun yi tauri. Wannan fa shi ne tumbin da jama'a ke yi wa kallon alamar samu, har a riƙa taya mai shi murna cewa kasuwa ta karɓe shi.

Morgagni ya ga abin da idonsa, amma ba shi da kayan aikin gano dalili. Sai a 1947 wani likitan Faransa, Jean Vague, ya bambanta ƙibar ciki da ta ƙugu da cinya, daga baya ya nuna ta ciki ce ke tafiya da ciwon sukari da taurin jijiya. A 1991 kuma bincike a kan ɓeraye ya nuna kitsen da ke lulluɓe da jijiyar jini yana da hannu a yadda take tsukewa. Yanzu an san lafiyayyen kitsen yana taimaka mata ta saki. In ya yi yawa kuwa sai ya riƙa fitar da sinadaran kumburi, jijiyar ta ƙage, sukari ya kasa shiga tsoka yadda ya kamata, zuciya kuma ta wahala.

Morgagni bai bar koyarwa a Padua ba har ya mutu a watan Disamba na 1771, yana da shekara 89.