Tarihin Ibnun Nafis, Malamin Fiƙihu Kuma Likitan Da Ya Bayyana Hanyar Jini Tsakanin Zuciya Da Huhu

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Shi ne Aliyu ɗan Abil Hazm, alkunyarsa Abul Hasan, laƙabinsa Ala'uddin, amma sunan da ya shahara da shi shi ne Ibnun Nafis. An haife shi a ƙasar Sham wajen shekara ta 607 bayan Hijira, wato wajen 1210 Miladiyya, ya kuma tashi a birnin Dimashƙa. A can ya yi karatun fiƙihu a mazhabar Imamu Shafi'i, da hadisi, da nahawu da mandiƙi.

Ilimin likitanci ya same shi ne a Asibitin Nuri, wanda Sarki Nuruddin Mahmud ɗan Zanki ya gina a shekara ta 549 (1154). Babban malaminsa shi ne Muhazzabuddin Addakhwar, shugaban likitocin Sham da Masar a zamaninsa, mutumin da ya yi waƙafin gidansa ya zama makarantar koyon likitanci. Ɗalibai a wannan asibiti suna bin malami gadon majinyaci bayan gadon majinyaci, su ga yadda yake duba fitsari a cikin kwalba da yadda yake taɓa wuyan hannu, sannan a koma a buɗe littafi. Cikin waɗanda suka yi karatu a wajen Addakhwar har da Ibnu Abi Usaibi'a, mai littafin tarihin likitoci Uyunul Anba'i. Abin mamaki, mafi yawan kwafe-kwafen wannan littafi ba su kawo tarihin Ibnun Nafis ba, alhali sun kawo na mutanen da ba su kai shi ba. Saboda haka labarinsa ya fi zuwa ta hanyar masu tarihin da suka biyo baya, irin su Safadi da Zahabi, da abin da aka ɗauko daga almajirinsa Abu Hayyan Al'andalusi, babban malamin nahawu da tafsiri.

Komawarsa Masar

Wajen shekara ta 633 (1236) ya koma Alƙahira, bai sake barinta ba. Ya yi aiki a asibiti har ya zama shugaban likitocin Masar, an kuma ruwaito cewa shi ne likitan Sarki Zahir Baibars. A lokaci guda yana karantar da fiƙihu a makarantar Masruriyya, kuma Tajuddin Assubki ya sanya shi cikin malaman Shafi'iyya a littafinsa Tabaƙatus Shafi'iyyatil Kubra. Zamani ne na tashin hankali: yana Alƙahira Tattar suka rushe Bagadaza a 656 (1258), yana can kuma rundunar Masar ta karya su a Ainu Jalut a 658 (1260).

Waɗanda suka san shi sun siffanta shi da cewa dogo ne, siriri, mai mutunci, ba ya rufe ƙofarsa ga mai neman fa'ida dare ko rana. Bai yi aure ba. Ya yi dukiya, ya gina gida a Alƙahira wanda aka shimfiɗe daɓensa da marmara, sarakuna da likitoci da ɗalibai suna taruwa a majalisinsa. Idan zai yi rubutu sai a fiƙe masa alƙaluma da yawa a ajiye, ya juya fuskarsa ga bango, ya yi ta zuba daga ƙwaƙwalwarsa ba tare da duba wani littafi ba. Alƙalami na dakushewa sai ya jefar ya ɗauki wani, don kada fiƙa ta katse masa tunani.

A wajen magani ya fi karkata ga abinci. Matuƙar abinci zai wadatar ba ya rubuta magani, kuma matuƙar magani guda zai yi ba ya haɗa da yawa. Har an ruwaito cewa mai shagon magungunan da yake zama a wajensa ya yi ƙorafi, ya nuna masa cewa in dai abinci zai riƙa rubuta wa mutane, to shagon mahauci ya fi dacewa da shi. Wasu daga cikin mutanen zamaninsa sun ɗauki wannan a matsayin rauni, suka ce ya fi ƙarfi a ilimi a kan aikin jinya.

Awon bugun jijiya

Likitan wancan zamani ba shi da agogo mai nuna daƙiƙa, ba shi da ma'aunin zafin jiki, ba shi da abin awon hawan jini. Ma'auninsa yatsunsa ne. Littafin Alƙanun na Ibnu Sina, wanda ya rasu a 428 (1037), ya kasa abin da ake lura da shi a bugun jijiya gida goma. Ana duba girman bugun a tsawo da faɗi da zurfi, da ƙarfin da yake dukan yatsa da shi, da saurinsa, da tazarar da ke tsakanin bugu da bugu, da taurin jijiyar ko laushinta, da cikarta, da zafin wurin ko sanyinsa, da ko bugun yana tafiya bai ɗaya ko yana sassaɓawa, in kuma yana sassaɓawa shin saɓawar tana da tsari ko babu. Na goma shi ne abin da suke kira wazani, wato gwada lokacin motsi da lokacin tsayawa, kamar yadda ake auna baitin waƙa. Duk wannan awo ne na kwatantawa da bugun lafiyayyen mutum, babu lamba a ciki, shi ya sa ake shekaru kafin yatsa ya ƙware.

Ibnun Nafis ya damu da wannan babi ƙwarai. An ruwaito cewa wata rana ya shiga gidan wanka a Babuz Zuhuma cikin Alƙahira, yana tsakiyar wanka sai ya fito ɗakin tuɓe kaya, ya sa aka kawo masa tawada da takarda, ya rubuta maƙala a kan bugun jijiya har ƙarshenta, sannan ya koma ya ƙarasa wankansa. A wannan babi ma ya saɓa wa Jalinusu, babban likitan Girka, wanda yake ganin jijiyoyi suna buɗewa tare da zuciya a lokaci guda. Shi ya tafi a kan cewa lokacin da zuciya ta matse ne jijiya take buɗewa, kuma haka abin yake.

Mas'alar shamakin zuciya

Abin da ya ɗaukaka sunansa a yau yana cikin littafinsa Sharhu Tashrihil Ƙanun, inda ya tattara maganganun Ibnu Sina a kan ƙirar gaɓoɓin jiki ya yi musu sharhi. Akwai kwafin littafin da aka rubuta a 640 (1242), ke nan ya wallafa shi yana ɗan shekara talatin da 'yan kai.

Don a gane girman abin da ya yi, sai an san abin da ake karantarwa kafinsa. Jalinusu, wanda ya mutu wajen shekara ta 216 Miladiyya, ya koyar da cewa hanta ce take mayar da abinci jini, wani sashe na jinin ya shiga ɗakin dama na zuciya, daga nan ya tsiyaya zuwa ɗakin hagu ta wasu ƙananan ƙofofi da suke jikin shamakin da ya raba ɗakunan biyu. Babu wanda ya taɓa ganin waɗannan ƙofofi, sai aka ce ƙanƙantarsu ce ta ɓoye su. Shekara dubu likitocin Rum da Farisa da Larabawa suna karɓar wannan magana hannu da hannu.

Ibnun Nafis ya ce babu ƙofa a shamakin nan, ta fili ko ta ɓoye, domin naman wurin kauri gare shi, a toshe yake. To in haka ne, ta ina jini yake bi? Ya amsa cewa jinin yana fita daga ɗakin dama ta babbar jijiyar da ta nufi huhu, ya watsu a cikin huhun, ya gauraya da iska, sannan ya dawo ta wata jijiyar zuwa ɗakin hagu. Ya ƙara da cewa dole akwai mashigai a cikin huhu da suke sada jijiyoyin biyu. Waɗannan mashigai ba a gan su da ido ba sai a 1661, lokacin da Marcello Malpighi na Italiya ya hango su da madubin ƙara girma a huhun kwaɗo. Ya maimaita wannan bayani a wurare da dama cikin littafin, alamar cewa ya san nauyin abin da yake faɗa.

Bai tsaya nan ba. Ibnu Sina ya bi Aristo a kan cewa zuciya tana da ɗakuna uku a ƙasanta, shi kuwa ya ce biyu ne. Ibnu Sina ya ce zuciya tana samun abincinta daga jinin da yake cikin ɗakin dama, shi ya ce tana samu ne daga jijiyoyin da suka ratsa namanta. Waɗannan su ne jijiyoyin da toshewarsu take kawo bugun zuciyar da yake kashe mutane farat ɗaya.

Mai karatu zai ci karo da kalmar ruhu a wannan bahasi, domin likitocin da suna cewa a ɗakin hagu ake samar da ruhu daga jini da iska. Abin da suke nufi wani tururi ne mai laushi da suke zaton yana bin jijiyoyi yana kai ƙarfi ga gaɓoɓi. Isɗilahi ne na likitoci, kada a cakuɗa shi da ruhin da Alƙur'ani ya ambata a Suratul Isra'i.

Shin ya feɗe gawa?

A gabatarwar littafin ya bayyana cewa shari'a da tausayin da yake cikin ɗabi'arsa sun hana shi feɗe gawar mutum, don haka zai dogara da magabata wajen siffar gaɓoɓi, amma wajen aikin gaɓoɓin zai bi abin da bincike ya tabbatar, ya dace da maganarsu ko ya saɓa. Sai dai a cikin littafin yakan kafa hujja da cewa fiɗa tana ƙaryata maganar wane. Daga nan masu bincike suka rabu. Wasu sun ce da tsantsar tunani ya kai ga sakamakon, wasu sun ce ya duba zukatan dabbobi, wasu kuma suna ganin ya yi fiɗa a ɓoye. Magana ta uku tana tuhumar malamin fiƙihu da faɗin abin da ba haka ba a kan kansa, ba tare da wata ruwaya ba, kuma babu buƙatarta: duk wanda ya tsaga zuciyar ragon layya zai ga shamakin nan da idonsa, mai kauri, babu huda. Game da hukuncin kansa, Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta zartar a shekara ta 1408 cewa fiɗar gawa tana halatta don binciken laifi, da gano cututtuka, da koyar da likitanci, bisa sharuɗɗan da ta gindaya.

Wajibi ne kuma a tsaya inda ya tsaya. Ana yawan rubuta cewa shi ya gano zagayawar jini gaba ɗaya, wannan kuwa ƙari ne. Abin da ya bayyana shi ne tafiyar jini daga dama zuwa hagu ta cikin huhu. Komawar jini daga sauran jiki zuwa zuciya, yana kewayawa ba tsayawa, William Harvey na Ingila ne ya tabbatar da ita a 1628, kuma da awo ya yi. Ya ƙiyasta abin da zuciya take turawa a bugu ɗaya, ya ninka da yawan bugun rabin sa'a, sai ya ga adadin ya wuce duk jinin da yake jikin mutum, hanta ba za ta iya ƙera wannan daga abinci ba. Awon yau ya nuna zuciyar baligi a lokacin hutu tana tura kimanin lita 5 a minti ɗaya, kusan duk jinin jikinsa ke nan. Shekara uku kafin littafin Harvey, Santorio na Italiya ya bayyana ma'aunin zafin jiki da na'urar ƙidayar bugun jijiya, kuma a cikin sharhinsa ga Alƙanun na Ibnu Sina ya yi hakan.

Sauran littattafansa

Mafi girmansu shi ne Asshamil fis Sina'atiɗ Ɗibbiyya, wanda ya tsara zai kai mujalladi 300, ya samu ya kammala 80. Yana da Almuhazzab a kan ciwon ido, da sharhi a kan Fusul na Abuƙiraɗ, kuma ana jingina masa Almujaz, taƙaitaccen Alƙanun wanda ɗaliban likitanci suka yi ƙarnoni suna karantawa har ƙasar Indiya. A ilimin addini ya rubuta Almukhtasar a kan usulul hadis. Yana kuma da Arrisalatul Kamiliyya fis Siratin Nabawiyya, labarin wani mutum mai suna Kamil da ya tashi shi kaɗai a tsibiri, ya kai ga sanin Mahalicci ta hanyar lura da halitta, sannan ya gane cewa mutane ba sa wadatuwa daga annabci da shari'a. A cikinsa ya kare aƙidar tashin jikkuna ranar Alƙiyama, ya haɗa bayaninsa da ƙashin ƙarshen gadon baya wanda hadisi ingantacce ya nuna daga gare shi za a sake harhaɗa halitta.

Rasuwarsa

A ciwon ajalinsa wasu abokansa likitoci sun ba shi shawarar ya sha ɗan giya, suna ganin za ta yi wa ciwon amfani. Ya ƙi, ya nuna ba zai gamu da Allah da giya a cikinsa ba. Ya rasu a Alƙahira ranar 21 ga Zulƙi'ida, shekara ta 687, daidai da 17 ga Disamba 1288, yana da kimanin shekara 80. Ya yi waƙafin gidansa da littattafansa da dukiyarsa ga Asibitin Mansuri, wanda Sarki Mansur Ƙalawun ya gina a 683 (1284). Allah Ya jiƙansa da rahama.

A Turai, Michael Servetus ya kawo irin wannan bayani na huhu a 1553, a cikin littafin tauhidin Kirista da ya jawo aka ƙone shi a Jeniba a wannan shekarar, sai Realdo Colombo a 1559. Likitan Italiya Andrea Alpago, wanda ya daɗe a Dimashƙa, ya fassara wani yanki na sharhin Ibnun Nafis a kan haɗaɗɗun magunguna zuwa Latin, aka buga shi a 1547, shi ya sa masana tarihi suke muhawara a kan ko maganar huhun ma ta isa Italiya ta wannan hanya. Sunansa bai shiga tarihin wannan bincike ba sai a 1924, lokacin da wani likita Bamisire mai karatu a Jamus, Muhyiddin Attaɗawi, ya ci karo da kwafin Sharhu Tashrihil Ƙanun a ɗakin karatu na birnin Balin, ya rubuta kundin digirinsa a kai a Jami'ar Freiburg. Aka aika wa Max Meyerhof, likitan ido Bajamushe mazaunin Alƙahira, don ya tantance, ya gaskata abin da Attaɗawi ya gano, ya buga nassin Larabcin tare da fassararsa.

Allah ne Mafi sani.