Tafawa Ɓalewa: Tsakanin Sardauna da rancen Isra'ila

Kafin ka sake kiran abokinka ɗan koren wani ɓangare kan rikicin Isra'ila da Falasɗinu, a Facebook ne ko a teburin mai shayi a Funtuwa, tsaya ka ji yadda Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi.

An haife shi a ƙasar Bauchi a 1912. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya koma gida yana koyarwa, ya zama Firaminista a 1957.

A 1960 gwamnatinsa ta amince da rance daga Isra'ila. Sardauna, shugaban jam'iyyarsu ta NPC, ya nuna Arewa ba ruwanta da kuɗin. Gwamnatocin Kudu kuwa tuni suna hulɗa da Isra'ila. Ka ga duk inda ya karkata, sai an zarge shi da son kai.

Sai ya bar Isra'ila ta buɗe ofishin jakadanci a Legas, amma bai buɗe na Najeriya a can ba. Haka aka zauna har aka kashe shi a juyin mulkin Janairun 1966.

Kana iya ganin ya yi kuskure. Amma dai ka lura, wanda bai bi ra'ayinka ba, ba lallai saye shi aka yi ba.