Taƙaitaccen Tarihin Florence Price, Mai Tsara Kiɗa (1887–1953)

Gabatarwa

A al'adar kiɗan Turawa wanda ake rubutawa a takarda, aikin mai tsara kiɗa dabam yake da na makaɗi. Shi mai tsarawa zama yake yi ya rubuta wa kowane abin kiɗa nasa rabon da wasu alamomi na musamman, sa'an nan ya jira ranar da wata ƙungiyar makaɗa za ta yarda ta kaɗa abin da ya rubuta. In kuwa ba a sami wadda ta yarda ba, to, aikin nan ya zama takarda kurum a cikin akwati. A nan ne matan da suka shiga wannan fage suka fi shan wuya, domin shugabannin manyan ƙungiyoyin maza ne, kuma ba safai sukan kula da rubutun mace ba. Rayuwar Florence Price, baƙar fatar Amurka, ta isa misali.

Haihuwarta da karatunta

An haife ta ran 9 ga Afrilu, 1887, a birnin Little Rock na jihar Arkansas, a kudancin Amurka. Mahaifinta, James Smith, likitan haƙori ne, mahaifiyarta kuwa malamar kiɗa ce, kuma ita ta fara ɗora mata hannu a kan fiyano. Tana da shekara 14 ta gama sakandare, ita ce ta ɗaya a ajinsu. Daga nan ta wuce babbar makarantar kiɗa ta New England da ke Boston, inda aka rubuta ta a matsayin 'yar ƙasar Meziko don gudun wulaƙancin da ake yi wa baƙaƙe. Ta kammala a 1906 da shaidar ƙwarewa biyu, ɗaya a kiɗan ogan, ɗaya a koyar da fiyano.

A 1910 ta zama shugabar sashen kiɗa a Jami'ar Clark ta Atlanta. Bayan shekara biyu ta auri wani lauya, Thomas Price, suka zauna a garinsu. Amma zaman bai yi daɗi ba, saboda wariyar launin fata sai ƙara tsanani take yi. A 1927 gungun farar fata suka kashe wani baƙin mutum, John Carter, suka ja gawarsa a titunan Little Rock. A wannan shekarar ce iyalin suka yi ƙaura zuwa Shikago.

Zamanta a Shikago

A 1931 aurenta ya mutu, aka bar ta da 'ya'ya mata biyu. Don neman abin sawa a baka ta riƙa kaɗa ogan a gidajen silima, tana kuma tsara kiɗan talla a rediyo. Da abin ya yi tsanani, wata malamar kiɗa, Estella Bonds, ta ba su masauki a gidanta. 'Yar wannan mata, Margaret Bonds, ɗalibar Price ce.

A wannan shekarar ta karye a ƙafa, zaman jinya ya ba ta sukunin rubuta simfoninta na farko. Simfoni kuwa dogon kiɗa ne, galibi mai kashi huɗu, wanda makaɗa masu yawan gaske ke kaɗawa tare, da goge iri iri da kayan busa da ganguna. Price ta bi wannan tsari na Turawa, amma ta cika shi da abin gidansu. Ta sa amo irin na waƙoƙin addini da bayi suka gadar, ta shigar da gangunan Afirka, sa'an nan a kashi na uku ta sa kiɗan rawar Juba, watau rawar da bayi ke yi da tafi da buga ƙafa da dukan cinya, tun da a wurare da yawa an hana su ganga.

A 1932 wannan simfoni ya ci gasar Wanamaker, aka ba ta dala 500. Ran 15 ga Yuni, 1933, babbar ƙungiyar makaɗa ta Shikago ta kaɗa shi ƙarƙashin jagorancin Frederick Stock. Wannan shi ne karo na farko da wata babbar ƙungiya a Amurka ta kaɗa simfonin baƙar mace.

Matan da suka tsaya mata

Abin lura shi ne, kusan duk ƙofar da ta buɗe wa Price akwai hannun mace a ciki. Maude Roberts George, shugabar wata ƙungiyar baƙaƙe masu sha'awar kiɗa a Shikago, ita ta ɗauki nauyin kuɗin wasan 1933. A 1934 ƙungiyar makaɗa mata zalla ta Shikago ta kaɗa wani babban aikinta, Margaret Bonds na kan fiyano. Har wa yau, a 1939, da aka hana mawaƙiya Marian Anderson wani babban zaure a Washington saboda launinta, ta yi waƙa a fili gaban mutum wajen 75,000, ta kuma rufe taron da waƙar addini wadda Price ta tsara wa kiɗa.

Duk da haka, manyan ƙungiyoyin gabashin ƙasar ba su waiwaye ta ba. A 1943 ta rubuta wa Serge Koussevitzky, jagoran ƙungiyar Boston, ta bayyana masa cewa ta san abu biyu ke tare mata hanya, kasancewarta mace da kuma launinta, ta roƙi a auna aikinta bisa cancantarsa kawai. Bai taɓa sa kiɗanta a wasanninsa ba. Ta rasu a Shikago ran 3 ga Yuni, 1953, tana da shekara 66. Ta bar ayyuka fiye da 300, yawancinsu ba a buga ba.

Takardun da aka tsinta

Bayan rasuwarta sunanta ya dushe, sai 'yan tsirarun manazarta irin su Rae Linda Brown, wadda ta shafe shekaru tana bin sawun takardunta. Littafinta a kan rayuwar Price ya fito a 2020. A 2009 wasu ma'aurata suka shiga gyaran wani kangon gida kusa da garin St. Anne a jihar Illinois, suka tarar da tarin takardu ɗauke da sunanta. Ashe nan take zuwa hutun bazara. A ciki aka sami simfoninta na huɗu da wasu manyan ayyuka biyu na goge. Aka mayar da takardun ɗakin karatu na Jami'ar Arkansas. A 2022 ƙungiyar makaɗa ta Philadelphia ta ci lambar Grammy da faifan simfoninta na ɗaya da na uku.

Kammalawa

Kiɗan da aka ba lambar yabo a 2022 shi ne dai wanda aka ƙi saurara a 1943, ba a ƙara masa ko ɗigo ba. Abin da ya sauya shi ne masu zaɓen abin da za a kaɗa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: baiwar mai tsarawa tana bukatar mai biyan kuɗin zaure, da jagoran da zai buɗe takarda ya karanta, da manazarcin da zai adana ta. Da ruwan sama ya gama da takardun kangon St. Anne kafin 2009, da yau ba wanda zai san yadda simfonin Price na huɗu yake.