Jesse Ramsden (1735-1800): Maƙerin da Ya Koya wa Inji Raba Da'ira

Idan haƙorin giyar wani inji ya karye a ɗaya daga cikin masana'antun Bompai ko Sharaɗa ko Challawa, aka kuma rasa sabuwa a kasuwa, sai a nufi wurin masu sassaƙa ƙarfe. A can akwai wata 'yar na'ura da ake ɗaura ƙarfen a jikinta, wadda sai an murɗa hannunta sau 40 kafin ƙarfen ya kewaya sau ɗaya. Da ita ake raba da'ira daidai wa daida, don kada wani haƙori ya fi ɗan'uwansa kauri. Abin da ke cikinta sanda ce mai murɗaɗɗen haƙori tana tura faifai mai haƙora. Dabarar tsohuwa ce ƙwarai, amma wanda ya kai ta matsayin ma'aunin da za a dogara da shi wani Bature ne ɗan Ingila, Jesse Ramsden.

An haife shi a shekarar 1735 a Salterhebble, kusa da Halifax a yankin Yorkshire, ƙasar masaƙa. Da sana'ar tufafi ya buɗe ido, har ta kai shi Landan a 1755 a matsayin akawun wani shagon yadi. Sai da ya haura shekara ashirin sannan ya shiga koyon ƙera kayan awo, a 1758, shekarun da tsararrakinsa suka riga suka yaye daga hannun iyayen gidansu. Bai daɗe ba ya buɗe nasa shagon, ya kuma auri Sarah, 'yar John Dollond, mashahurin mai haɗa gilasan hangen nesa.

Matsalar zamanin ita ce ta masu jiragen ruwa. Matuƙi yana gane inda yake a tsakiyar teku ne ta hanyar auna kusurwar da ke tsakanin wata da rana ko wani tauraro, da wata na'urar hannu mai baka na tagulla wanda aka tsaga wa layukan digiri. Da hannu ake tsaga layukan nan, ɗaya bayan ɗaya, kuma gwanaye irin su John Bird kaɗan ne. Aikin yana cin kwanaki, kuma in na'urar ta ƙanƙance kuskuren ido sai ya yi girma, kuskuren da kan iya kai jirgi kan dutse.

Injin farko da Ramsden ya ƙera don wannan aiki bai gamsar da shi ba. Na biyun, wanda ya kammala wajen 1775, shi ne ya fito da sunansa. Faifai ne mai faɗin inci 45, da haƙora 2,160 a gefensa. Lissafin ba na kawai ba ne: da'ira digiri 360 ce, saboda haka murɗa sandar sau shida yana juya faifan digiri ɗaya cif, murɗawa ɗaya kuma minti 10 na kusurwa. Ma'aikaci zai ɗaure na'urar da za a tsaga a kan faifan, ya taka feda da ƙafa, faifan ya matsa gwargwadon da aka ƙayyade ya tsaya, sannan ya ja layi da hannu. A ganina, gwanintar ba a yawan haƙoran take ba, tana wajen sandar. In murɗinta ya karkace ko da ƙiris ne, duk layin da aka ja zai gaji wannan karkata. Don haka sai da ya fara ƙera wani injin daban na yanka murɗin sandar, sannan ya yi amfani da sanda mai kaifi ta riƙa bin gefen faifan tana cin haƙoran a hankali, zagaye bayan zagaye, har suka daidaita da ita. A yau mota mai aiki da lantarki ce ke juya sandar a madadin ƙafa, kwamfuta kuma ke ƙirga juyin, amma abokin gābar bai sauya ba, wato sako-sakon da ke tsakanin haƙori da haƙori.

(Mai rubuta irin wannan bayani da Hausa yakan yi tuntuɓe da kalmar giya, wadda ta zo daidai da sunan abin sha. Kanikawan Kano dai ba su taɓa ruɗewa ba, kuma haƙori da suka ara daga baki ya zauna daram.)

Hukumar Ingila mai kula da binciken awon teku ta ba shi fam 615, bisa sharaɗin ya wallafa bayanin injin, ya kuma koya wa wasu maƙera. Bayanin ya fito a 1777, aka shiga kwaikwayonsa, na'urorin matuƙa suka ƙanƙance suka kuma yi araha.

Aibinsa sananne ne, wato jinkiri. Janar William Roy ya yi jiran shekara uku kafin ya karɓi babbar na'urar safiyo a 1787, domin awon da ya haɗa Greenwich da Paris, ya kuma kai ƙorafinsa gaban ƙungiyar masana ta Royal Society. Da'irar da ɗakin duban taurari na Dunsink ya yi oda kuwa, har ya mutu bai gama ta ba, sai babban yaronsa Matthew Berge ne ya ƙarasa. Wasu na yi masa uzurin cewa neman kamala ne ya jawo, sai dai wanda ya biya kuɗi yana jira ba lallai ne ya karɓi wannan uzuri ba. Duk da haka ƙungiyar ta ba shi lambar Copley a 1795.

Ya rasu a Brighton ranar 5 ga Nuwamba, 1800. Ba a yi wata biyu ba, ranar 1 ga Janairu, 1801, Giuseppe Piazzi ya gano duniyar Ceres a Palermo da da'ira mai faɗin ƙafa biyar da Ramsden ya ƙera masa. A 1824 kuma Hugh Clapperton ya ratso Kano ya isa Sakkwato ɗauke da irin na'urar matuƙan nan ta auna rana. Ya nuna ta ga Sarkin Musulmi Muhammadu Bello tare da taswirar sama, ya kuma rubuta cewa ya tarar Sarkin ya san buruji da taurari masu yawa da sunayensu na Larabci.